Ƙaton Talabijin a Akwatin Gem: A Yi Lissafi Tukuna

Saurayin da ke shirin buɗe gidan gem a Sakaba ko Dirin Daji, idan ya ga bidiyon akwatin wasa na tsaye a waya, irin wanda aka buga Street Fighter II a kansa a 1991, dole ransa ya biya. Sai ya ce shi ma kafinta zai ƙera masa, kuma talabijin mai inci 55 zai cusa a ciki don ya kere sa'a. Kafin a yanka katako, ga abin da zai ci.

Faɗin allon inci 55 ya kai santimita 122, daidai da faɗin falle guda na filawud, ƙafa huɗu. A ƙara kaurin gefe da gefe, falle ɗaya ba zai rufe bayan akwatin ba, sai an yi haɗi. Ƙofar shago mai ƙafa uku kuwa ba za ta karɓe shi ta gaba ba. Mai inci 32 faɗinsa santimita 71 ne kacal.

Girman allon inci 55 ya kusa ninka na inci 32 sau uku, cin wutarsa ma ya fi. Ga PlayStation, ga fanka, ga ƙwai, duk a kan ƙaramin janareta. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. A ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Wanda ya koma sola kuma, kowane ƙarin wat ƙarin faranti ne da batir.

Sai haɗa waya. Wutarmu volt 230 ce. Wani talabijin na hannu da aka ƙera don Amurka 120 yake ɗauka, jonawa ɗaya ya ƙone. Wanda ya kwance murfin baya don talabijin ya zauna daram a akwati ya bar allon wuta tsirara kusa da katako, ga yara suna jijjiga akwatin idan an ci su. Stabilaiza, fis da wayar ƙasa ba a tsallake su, kuma aikin mai gyaran talabijin ne, da ladansa.

A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 a Kebbi. Rufaffen akwati a ƙarƙashin kwano sai an huda shi an sa masa fanka, hudar nan kuma ta nan ƙurar hunturu za ta shiga. Ranar da gilashin ya tsage, kuɗin canza shi ya kusa na sabon talabijin, kuma da wuya a same shi a kusa, sai an aika Kano ko Alaba ta Legas. A yankin da 'yan bindiga suka sha tayar da mutane, kayan da za a iya saukewa daga bango a ɗaura a babur sun fi akwatin da sai ƙarti huɗu.

Me aka samu bayan duk wannan? Tsofaffin wasanni an tsara su ne a kan allo mai awon 4:3, don haka kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin sabon talabijin baƙi zai zauna. Mai wasa yana tsaye, taku ɗaya tsakaninsa da allon, a wasan ƙwallo sai ya riƙa juya wuya kafin ya ga gola da ɗan gaba. Uwa uba, mutum biyu ne dai ke bugawa, kuma ba mai ƙara ko sisi a kan kuɗin wasa don allo ya girma. Kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Kuɗin katako, kafinta da ƙaton allo, a kai su ga ƙananan talabijin biyu da na'ura ta biyu. Mutum huɗu za su riƙa bugawa a lokaci guda, kuma ranar da ɗaya ya lalace ba sai an rufe shago ba.