Filin Wasanni: Ɗan Ƙauyen Jojiya Da Ya Ka Da Gwanin Japan

Judo wata irin kokawa ce ta mutanen Japan, wadda wani malami mai suna Jigoro Kano ya tsara a 1882 (sunan ne kawai, ba abin da ya haɗa shi da birnin Dabo). Da riga mai kauri a ke yin ta, a cafki wuyan rigar abokin karawa, a sa masa ƙafa, a maka bayansa da ƙasa. Shekaru da dama kowa ya sallama wa Japanawa wannan fage.

To, a wasannin Olamfik na 1972 a birnin Munich na Jamus, sai ga wani saurayi ɗan shekara 22, Shota Chochishvili, daga Jojiya, wadda a lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyat. Ba wanda ya san da zamansa. A ajin masu nauyin kilo 93 ya gamu da Fumio Sasahara na Japan, zakaran duniya, ya kuwa ka da shi. Daga nan David Starbrook na Ingila ya rinjaye shi, har an ɗauka tasa ta ƙare. Amma dokar gasar ta ba wanda ya faɗi damar sake hawowa ta wata hanya. Ya bi ta, ya sake tarar da Starbrook a karon ƙarshe, ya rama, ya ɗauki lambar zinariya, watau ta farko da Sobiyat ta samu a judo. A 1976 ya ƙara da ta tagulla a Montreal. Ya rasu a 2009.

Asirin abin yana ƙauyukansu. Mutanen Jojiya suna da kokawar gado mai suna chidaoba, da riga a ke yin ta, ana kiɗa ana busa, kamar dai yadda makaɗa ke zuga 'yan kokawa a ƙasar Hausa bayan kaka. Masu koyar da judo can suka riƙa ɗebo yara, suna ɗora musu dokokin zamani a kan abin da suka riga suka iya. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 4 ba ta sami zinariya ta hannun Zurab Zviadauri a 2004, da Lasha Shavdatuashvili a 2012, shi kuwa Lasha Bekauri har sau biyu, a Tokyo da Paris.

Nijeriya ba ta taɓa samun lambar judo a Olamfik ba, alhali ga majiya ƙarfi birjik daga Sakkwato zuwa Kwantagora. Ya kamata hukumar wasanni ta Jihar Neja ta aika masu koyarwa dandalin ƙauyuka, su zaɓo yara tun ƙashinsu bai yi tauri ba, a kawo su filin wasa na Bako Kwantagora a Minna. Jihar Bayelsa ta riƙe kokawarta da muhimmanci, daga can kuwa Blessing Oborududu ta fito, ta ciwo azurfa a kokawar zamani a Tokyo cikin 2021.