Sharhi: Wa Za Ka Mara wa Baya Tun a Cikin Gida?

Jama'a masu saurare, na Bangi da kewaye, da na Madawa, da Buza, da Keita, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka da muryarmu ke isa gare su, sharhinmu na yau ya shafi zaɓen fidda gwani, lokacin da 'ya'yan jam'iyya ɗaya ke tsayar da wanda zai riƙe musu tuta a takarar shugaban ƙasa, da abin da ya kamata mutum ya duba kafin ya ce ga gwaninsa.

Na san wani zai ce, malam, me ya kawo wannan magana yanzu? Ai tun ranar 26 ga Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa a Nijar, bayan babban taron ƙasa da aka yi a Yamai, aka kuma ɗibar wa mulkin riƙon ƙwarya wa'adin shekara 5. Haka ne. Amma maƙwabciyarmu Najeriya tana fuskantar zaɓen 2027, kuma abin da aka yanke a Abuja ba ya kwana bai iso kasuwar Bangi ba. Ban da haka, lokacin da babu ganga babu kirari shi ne lokacin yin tunani. In aka fara kiɗa, ba mai sauraron nasiha.

Mu fara da maƙwabta. A watan Yuni na 2022 jam'iyyar APC ta tara wakilanta, waɗanda ake ce wa deliget, a dandalin Eagle Square da ke Abuja. Mutum dubu biyu da 'yan kai ne, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Bola Tinubu ya samu ƙuri'a 1,271, Rotimi Amaechi 316, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo kuma 235. Shekara guda bayan haka, ranar 29 ga Mayu 2023, Tinubu ya sha rantsuwa, ya kuma sanar a ranar cewa tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba, sai ta haura 500. Duk mai sayar da mai a kwalba a bakin hanya, da duk mai ban-ruwan albasa da inji a kwarin Tarka, ya ji wannan a aljihunsa. Da aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, Tinubu ne dai ke shugabantar ƙungiyar CEDEAO, aka rufe iyaka, aka yanke wuta, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai watan Maris 2024. Babu ɗan Bangi ko ɗaya a cikin waɗancan wakilai, amma hannun da suka ɗaga ya taɓa tukunyar kowane gida a nan.

To ashe ranar babban zaɓe, talaka yana zaɓa ne daga cikin abin da wasu suka riga suka zaɓa masa. Manomin albasa ya fi kowa sanin haka: tun wajen zaɓen iri da renon dashe ake cin riba ko a yi asara, ranar kasuwa sai dai a auna abin da aka samu.

A ƙasarmu jam'iyyu ba su saba da zaɓen fidda gwani irin na maƙwabta ba. Al'adar ita ce shugaban jam'iyya shi ne ɗan takara, babban taro kuma ya zo ya tabbatar da shi da tafi. Saboda haka rigimar takara takan ɓuya a cikin rigimar shugabancin jam'iyya, kuma tarihinmu cike yake da abin da ta haifar.

A watan Nuwamba 1991 manyan tsofaffin sojoji biyu suka nemi jagorancin MNSD-Nassara: Tandja Mamadou da Moumouni Adamou Djermakoye. Tandja ya yi nasara. Djermakoye ya fita ya kafa ANDP-Zaman Lahiya. A zagayen farko na zaɓen 1993 Tandja ya zo na ɗaya da kusan kashi 34 cikin ɗari, Mahamane Ousmane ya samu kusan 27, Mahamadou Issoufou kusan 16, Djermakoye kuma 15. Ku haɗa na Tandja da na Djermakoye, za ku ga saura ƙiris su kai rabin ƙuri'un ƙasa. Da aka je zagaye na biyu, Djermakoye yana cikin ƙawancen AFC da ya mara wa Ousmane baya, Ousmane ya ci da kashi 54. MNSD ta fi kowa jama'a, amma ta rasa fadar shugaban ƙasa tun ranar da ta kasa riƙe wanda aka kayar a cikin gida.

Abin bai tsaya nan ba. A 1999 Hamid Algabid da Amadou Boubacar Cissé sun ja daga a kan tutar RDP-Jama'a har gaban kotu, Cissé ya tafi ya kafa UDR-Tabbat. Cheiffou Amadou ya bar CDS-Rahama a 2004 ya kafa RSD-Gaskiya. Lumana ta Hama Amadou daga cikin MNSD ta fito, haka ma Jamhuriya ta Albadé Abouba a 2015. Shi kansa Mahamane Ousmane, rikicinsa da Abdou Labo ya raba shi da CDS ɗin da ya hau mulki da ita, har ya yi takarar 2016 da ta 2020 a ƙarƙashin wasu tutoci. Kusan kowace babbar jam'iyya ta haifi 'ya'ya ta hanyar fushi.

PNDS-Tarayya, wadda jiharmu ta Tawa ta zama gidanta, ta fi sauran daɗewa a dunƙule. Issoufou ya tsaya sau huɗu bai samu ba, abokan tafiyarsa suka jure har ya ci a 2011. Amma da lokacin neman magaji ya yi, daga sama aka yanke. A ƙarshen Janairu 2019 aka sauke Hassoumi Massaoudou daga ministan kuɗi, jaridu kuma suka danganta hakan da sha'awarsa ta takara. Ranar 31 ga Maris 2019 babban taro ya tabbatar da Mohamed Bazoum. Daga baya an sasanta, Hassoumi ya dawo gwamnati, Bazoum ya ci zagaye na biyu a Fabrairu 2021 da sama da kashi 55. Tambayar da ta rage ita ce, magoya bayan da ke ƙauyukanmu, waɗanda suka sha rana suka sha ƙura saboda jam'iyya, su nawa aka nemi ra'ayinsu kafin a tsayar da magana? Wannan tambaya ta hau kan dukkan jam'iyyun, ba a ware kowa ba.

Daga wannan tarihi nake ciro ma'aunin da na fi amincewa da shi. In kana son sanin wanda za ka mara wa baya, duba yadda yake mu'amala da abokin hamayyarsa na cikin gida. In ya yi nasara, yana jawo wanda ya kayar ko yana tura shi waje? In an kayar da shi, yana haƙuri ya yi aiki ko yana tattara kayansa da dare? Mutumin da bai iya jure ɗan'uwansa na jam'iyya ɗaya ba, wanda suka ci tuwo a akushi ɗaya, yaya zai yi da 'yan adawa, da 'yan jarida, da alƙalin da ya yanke hukuncin da bai so ba, ranar da sojoji da baitulmali suka koma hannunsa? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Najeriya ta nuna mana fuska biyu na wannan. A Disamba 2014, a Legas, Muhammadu Buhari ya ci fidda gwanin APC da ƙuri'a 3,430, Rabi'u Musa Kwankwaso ya samu 974, Atiku Abubakar 954. Waɗanda aka kayar suka tsaya a jam'iyya aka yi yaƙin zaɓe tare, a Maris 2015 aka kayar da shugaba mai ci, abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar. A Mayu 2022 kuwa, PDP ta yi nata. Gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, maƙwabcinmu na kusa, ya janye wa Atiku a filin taro. Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237. Ba a iya ɗinke ɓarakar ba. Wike da wasu gwamnoni huɗu suka ƙi yi wa ɗan takararsu aiki. Kafin nan Peter Obi ya riga ya fice, Kwankwaso ma haka. A zaɓen Fabrairu 2023 Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.8, alhali Atiku da Obi da Kwankwaso, waɗanda duk 'yan gida ɗaya ne a 2019, sun tara sama da miliyan 14 a tsakaninsu.

Ma'auni na biyu shi ne aikin da aka gani da ido. Wanda ke neman shugabancin ƙasa ba daga sama ya faɗo ba. Ya taɓa riƙe wani abu, ko ma'aikata, ko jiha, ko majalisa. Dattawanmu sun san Tandja tun yana shugabantar jihar Tawa daga 1981 zuwa 1988, zamanin da aka fara aikin raya karkara na Keita a 1984, aka riƙa tare ruwa da duwatsu ana farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Ko sun so shi ko sun ƙi shi, a kan abin da suka gani suka yi hukunci. Haka ya kamata mu yi wa kowa. A kuma tuna cewa shi Tandjan ne ya zo da tazarce a 2009, abin da ya kai ga juyin mulkin Fabrairu 2010. Saboda haka aiki kaɗai bai isa ba in babu ma'aunin farko, na sanin iyaka da jure hamayya.

Mu a nan muna da tambayoyinmu da ba sai an ara mana ba. Bangi ta karɓi 'yan gudun hijira daga jihar Sakkwato waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Me mai neman tuta ya sani game da wannan iyaka, kuma me ya taɓa yi a kan tsaro lokacin da yake da iko? Albasarmu tana ruɓewa ko ta faɗi warwas a kasuwa in hanya ta toshe. Wace dabara gare shi ta ajiya da fitarwa? Samarinmu suna tafiya cin rani shekara da shekaru. Me zai tsayar da su a gida? Wanda ya amsa da kirari da zagin abokin takara, ya nuna ba shi da amsa.

Akwai masu cewa, a bar duk wannan, a tsayar da wanda zai iya cin zaɓe kawai. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin jam'iyya ba ta shiga takara don ta faɗi. A Faransa, Benoît Hamon ya ci fidda gwanin 'yan gurguzu a Janairu 2017 saboda ya burge 'yan cikin gida, da aka fita fili bai wuce kashi 6 da ɗoriya ba. Amma a shekarar dai François Fillon, wanda kowa ya ɗauka ya gama cin zaɓe bayan fidda gwanin Nuwamba 2016, zargin biyan matarsa albashin aikin da ba ta yi ba ya kayar da shi tun zagayen farko. Wanda ake ganin zai ci, in ba a bincike shi a gida ba, abokan hamayya za su bincike shi a waje. Sau da yawa kuma, "shi ne zai iya ci" ma'anarta "shi ne mai kuɗi".

Ga mu ga maganar kuɗin. A 2022 takardar neman takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ce, a PDP miliyan 40, ban da labaran rabon dala ga deliget da suka cika jaridu. Mu ma nan mun san zamanin atamfa da buhun shinkafa da 'yar jika biyu a ambulan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wakilin da ya karɓa ya sayar da bakinsa na shekara biyar, wanda ya bayar kuma zai fanshe daga kuɗin asibiti da na makaranta. Haka nan "namu ne" ba hujja ba ce. Ɗan gari yana da daɗin kira, amma in bai cancanta ba, kunyar ma ta garin ce.

Kirana a nan kashi biyu ne. 'Yan'uwanmu na Najeriya da ke jin mu, a fidda gwanin 2022 dokar zaɓenku ta ba jam'iyyu damar yin 'yar tinƙe, ko zaɓen deliget, ko maslaha. Ku san wace hanya jam'iyyarku ta ɗauka, in ta wakilai ce ku san sunan wakilin mazaɓarku, ku je har gida ku gaya masa wanda kuke so da dalilinku, kada maslaha ta zama ɗauki-ɗora. Mu kuma 'yan Nijar, duk ranar da aka sake buɗe fagen siyasa aka zo rubuta sababbin dokokin jam'iyyu, mu nemi a rubuta ƙarara yadda za a riƙa fidda ɗan takara: wa ke da ƙuri'a, ina za a kaɗa ta, wa zai ƙidaya, ina wanda aka zalunta zai kai ƙara. Malamai, da sarakuna, da ƙungiyoyin mata da na matasa, da manoma da makiyaya, kowa ya sa baki tun kafin a buga ganga.

Kai kuma mai saurare, in aka zo neman goyon bayanka, kada ka yi saurin ɗaga hannu. Tambayi abin da mutumin ya aikata da ikon da ya taɓa riƙewa, tambayi inda kuɗinsa suka fito, sannan ka tambayi inda abokan tafiyarsa na jiya suke a yau. In duk ya watsar da su a hanya, kada ka ba shi ƙasa. Allah ya zaɓa mana mafi alheri.