Sa Hannu A Inda Ƙafarka Ba Ta Taka Ba

 A makon nan zan kai ku ƙasar Amurka mu dubi wani wasa da ya samo asali a can, domin akwai wata gardama tsakanin masu yinsa wadda ta daɗe tana ba ni sha'awa. Gardamar kuwa ita ce: yaushe ne mutum yake da ikon ya ce "na samu"?

Wasan shi ne farautar ɓoyayyen akwati, wanda masu shi suke kira jiyokashin. Kafin shekarar 2000, gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata saƙon taurarinta na GPS, har na'urar farar hula takan yi kuskuren kusan mita 100 wajen nuna wuri. A farkon watan Mayu na 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umurni aka daina. Ranar 3 ga watan, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada ingancin abin. Sai ya sami baƙin bokiti, ya zuba littattafai da gwangwanin wake da ɗan kuɗi da littafin sa hannu da fensir, ya ɓoye a daji kusa da Beavercreek ta Jihar Oregon, kana ya sanar da lambobin wurin ta intanet. Sharaɗinsa mai sauƙi ne: wanda ya samu ya ɗauki wani abu, ya bar wani abu, ya rubuta sunansa. Mike Teague ne ya fara gano shi. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe Geocaching.com da akwatuna 75. Yanzu sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Ko da yake na'urar sabuwa ce, al'adar tsohuwa ce. Tun a 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, cikin dajin Dartmoor na Ingila, domin duk wanda ya sha wahalar isa wurin ya jefa katin sunansa a ciki, shaidar cewa ya zo.

To, wasan nan ba shi da alƙali, ba shi da kofi, ba shi da ladan kwabo. Abin da yake riƙe da shi rajista ce guda biyu. Ta farko ita ce takardar da ke cikin akwatin, wadda mutum zai sa wa hannu da alƙalaminsa. Ta biyu ita ce ta intanet, inda zai koma ya rubuta ko ya samu, ko bai samu ba, ko akwatin yana bukatar gyara. Doka ta ce ba ka da ikon rubuta ta biyu sai sunanka yana kan ta farko. Amma wa zai bi ka daji ya duba? A nan ne halin kowa yake fitowa.

Akwai wanda zai zauna a kujerar ɗakinsa ya rubuta cewa ya sami akwatin da ke wata ƙasa, domin kawai yawan abin da ya samu ya ƙaru a idon jama'a. Akwai wanda zai je wurin, ya yi ta nema ya rasa, sai ya ce ai ya iso, saboda haka ya samu. Akwai kuma wanda ya fi su ta'adi: idan ya rasa, sai ya fito da wani ɗan gwangwani daga aljihunsa, ya ajiye, ya sa hannu a takardar da shi ya kawo, ya ce ya maye gurbin wanda ya ɓace. Alhali kuwa sau da yawa akwatin ainihi yana nan kusa, idonsa ne bai kai ba.

Mai karatu zai ce, to, wa aka cuta? Wasa ne fa. Lalle an cuci mutum biyu. Na farko shi ne mai akwatin, wanda rahoton masu nema shi ne idonsa. Idan ruwa ya tafi da akwatin, ko wani mai wucewa ya ɗauke, ba zai sani ba sai mutane uku ko huɗu sun rubuta a jere cewa ba su samu ba. Ƙarya guda a tsakiyarsu ta isa ta sa ya koma ya kwanta. Na biyu shi ne mai zuwa daga baya, wanda ya ga an ce jiya-jiya aka samu, ya ƙona mansa, ya kwashi 'ya'yansa, suka wuni suna tonon ganye a kan abin da babu shi. Saboda haka ni a ganina, "ban samu ba" ita ce magana mafi daraja a cikin wasan duka, ko da yake ita ce mutane suka fi jin kunyar rubutawa.

Ban ce kowace shari'a a fili take ba. Ga mutum biyar sun tafi tare, akwatin yana kan bishiya, ɗaya ya hau ya miƙo takardar, duka suka sa hannu. Yawancin masu wasan sun yarda da wannan, ni ma na yarda, gama kowa ya zo, kowa ya nema. Amma idan mutum biyar ɗin suka rabu gida biyu, waɗannan suka yi gabas, waɗancan suka yi yamma, kowane ɓangare yana sa wa ɗayan hannu, to, an bar wasa an shiga ha'inci. Haka nan wanda ya tarar da takarda ta jiƙe sharkaf, ba ta rubutuwa. Hanya mai kyau ita ce ya ɗauki hoto, ya gaya wa mai akwatin gaskiyar abin da ya tarar, ya bar masa hukunci.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai akwati yana da ikon goge rahoton da bai ga sa hannunsa a takarda ba, kuma wasu sukan mai da ikon nan sanda. Wani zai goge rahoton mutum don ya ce akwatin ya yi tsatsa. Can baya ma wasu sukan ɗora sharuɗɗa na son rai, wai sai ka yi kaza da kaza kafin a karɓi naka, har a 2009 masu kula da wasan suka soke tilasta irin wannan a kan akwatuna na yau da kullum. Wanda ya zo, ya samu, ya sa hannu, ya gama nasa. Sauran ladabin kuwa sananne ne: abin da za ka bari kada ya kasa wanda ka ɗauka daraja, kada ka sa abinci don dabbobi, kada ka tona asirin maɓoyar a rahotonka, kuma ka mai da akwatin daidai inda ka same shi.

Abin da ya sa maganar nan ta tsaya mini a rai, sana'ata ce. Mu 'yan jarida mun san jarrabar rubuta labarin taron da ba mu halarta ba, daga takardar jawabi da aka aiko ofis, mu ce "wakilinmu ya gani". Ma'aikaci ma ya san rajistar safe, inda abokin aiki yakan sa wa wanda bai iso ba hannu. Duk abu ɗaya ne: wani yana can zai dogara da sa hannun nan, bai san wofi ba ne. Magabata sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Wanda bai je ba, ya ce bai je ba. Wanda ya je ya rasa, ya ce ya rasa, gobe ma rana ce.

Sai mun sadu a mako mai zuwa, idan rai ya kai mu.