Ga Ruwa a Madatsa, Ga Duhu a Wunti: Ina Matsalar Take?

'Yan uwa mazauna Agege, Sabon Ibadan, Lokpanta da sauran garuruwan kurmi. Daga unguwar Wunti a Bauchi nake rubuto wannan. Kuna tuna watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwashe sama da mako guda a duhu? Da yawanku kun turo kuɗin man janareta gida. Tun lokacin nake tambayar kaina: ga mu da madatsun ruwa, me ya hana mu samar da 'yar wutarmu a kusa?

Ba sabon abu ba ne. A madatsar Waya da ke kusa da garin nan, hukumar UNIDO ta taimaka an kafa ƙaramar tasha mai kilowat 150. Ba za ta haska Bauchi ba, amma irinta za ta iya riƙe ƙauye da injinan niƙansa. A Dadin Kowa ta jihar Gombe kuwa, tun shekarun 1980 aka gina madatsar, amma sai bayan fiye da shekara 30 tashar megawat 40 ta fara ba da wuta.

Ni ɗan mai fataucin shanu ne, don haka da lissafin kara nake kallon abin. Janareta tamkar sayen nono ne kullum: kuɗin farko kaɗan, amma kowace safiya sai ka zaro. Tashar ruwa kuwa sayen saniyar tatsa ce: kuɗin a tashin farko yake, na siminti, injin da wayoyi, galibinsu da dala. Bayan nan ba ta shan fetur. Sai dai a ƙasarmu ruwa na ja baya da rani, ga masu noman rani da makiyaya duk suna da haƙƙi a ciki. Wannan ma sai an sa shi a lissafi.

To ina tallafin gwamnati? A 2015 hukumar NERC ta fitar da tsarin sayen wuta a farashi na musamman daga ƙananan tashoshi, har da na ruwa da ba su wuce megawat 30 ba, da burin samun megawat 2,000 zuwa 2020. Shekarar ta zo ta wuce, ba mu gani a ƙasa ba. A ganina, matsalar ba farashin ba ce, biyan ne. Manyan kamfanonin samar da wuta ma suna kukan bashin tiriliyoyin naira da suke bi. Wa zai zuba dukiyarsa a madatsa yana ganin haka?

Ku da kuke kurmi kun fi kowa fahimtar wannan. Mahaifina ba ya ba mahauci shanu bashi don ya yi alkawarin farashi mai tsoka. Yana bayarwa ne don maigidan da ya sauke shi ya tsaya masa, in mahauci ya gudu shi zai biya. Irin wannan lamunin ne ƙananan tashoshi suka rasa.

Yanzu dama ta samu. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Abin da ya kamata mu nema daga gwamnatin Bauchi shi ne: kada a biya tallafi ranar aza harsashi, a biya shi bisa wutar da mita ta nuna ta isa gidaje da shaguna, kuma a ware kuɗin a asusun da ba a taɓawa.

Ƙungiyoyinku na can suna da murya. In 'yan siyasa sun zo gaishe da Sarkin Hausawa, ku tambaye su: wa zai tsaya wa mai tasha, kuma yaushe za a biya shi? Allah ya sa mu dace.