Ba 'Yar Raba Shayi Ba Ce

Mu mutanen Kagoro da kewaye mun san darajar mai cin guminsa a harkar sufuri. Tun 1927 da layin dogo ya mayar da Kafanchan mahaɗa muke girmama direban jirgin ƙasa da mai duba tikiti, ko da sun yi mako ba su kwana a gida ba. To, don me idan 'yarmu ta kama aikin kula da fasinjoji a jirgin sama sai mu taɓe baki, mu ce yawon duniya ta tafi?

Jama'a, wannan zalunci ne. Kafin a ba ta lasisi sai ta koyi kashe gobara, da ba da agajin gaggawa, da ceton mutane a ruwa, irin horon da ake bayarwa a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya. Ƙa'ida ce a iya kwashe fasinjoji daga jirgi cikin daƙiƙa 90, kuma ita ce mai buɗe ƙofar. Ta yi sammako, ta wuni a tsaye, ta shanye zagin mai kuɗi.

Da Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, har 2018 ma'aikatansa suna bin haƙƙinsu. Waninmu ya ce uffan? Gulma kaɗai muka iya.

Lalle mu gyara harshenmu. Ran da hayaƙi ya turnuƙe jirgi, hannunta za mu laluba.