Mu Duba Kalanda Kafin Mu Shirya Aiki

'Yan'uwa manoma, Kirsimati kullum tana nan a 25 ga Disamba, amma Babbar Sallah tana matsowa da wuri da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Mai kiwon rago da ya manta wannan, kasuwa za ta wuce shi.

Hutu kuma ba ɗaya ba ne ko'ina. Jihar Kano takan ba da hutun sabuwar shekarar Musulunci, wasu jihohi ba sa bayarwa. Masu harka da Nijar su tuna 3 ga Agusta hutu ne a can.

A ganina, kowace ƙungiya ta rubuta ranakun nan a taron Janairu, kada a kashe kuɗin mota neman rancen taki, a tarar da ofis a kulle.