Bannow: Kufan da ya riƙa tura wakilai majalisa

A kudu maso gabashin tsibirin Ayilan, cikin yankin Wexford, an yi wani gari mai suna Bannow. A gaɓarsa mayaƙan Norman suka sauka a 1169. Garin ya bunƙasa da harkar jiragen ruwa har ya samu ikon tura wakilai biyu majalisar dokokin ƙasar. Daga baya rairayi ya toshe mashigar ruwan, ciniki ya mutu, jama'a suka watse, kangon coci kaɗai ya rage a tsaye.

Duk da haka, wakilan Bannow ba su fasa zama a zauren majalisa a Dublin ba har 1800. Babu jama'ar da za ta zaɓe su, sai ubangidan da ke riƙe da mazaɓar, kuma a ƙarshen ƙarni na 18 gidan Loftus ne ke naɗa wanda ya ga dama. Haka abin yake a Clonmines, wani kufan da ke kusa. A lokacin majalisar na da kujeru 300, akasarinsu a hannun irin waɗannan iyayen gida, alhali Katolika, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar, an haramta musu zama a cikinta. Ko ƙuri'a sai a 1793 aka mayar musu da ita.

Babban abin kunyar ya zo ne a ƙarshe. Da Birtaniya ta so rushe majalisar ta haɗe ta da ta Landan, inda aka ware wa Ayilan kujeru 100, sai aka soke wakilcin garuruwa 84, aka biya diyyar fam 15,000 kan kowanne, jimilla fam 1,260,000. Akasarin kuɗin bai je wurin mazauna ba, aljihun masu riƙe da kujerun ya shiga. Charles Loftus ya karɓi fam 45,000 kan Bannow da Clonmines da Fethard, aka kuma ɗaga darajar sarautarsa.

Wannan diyya ita ce shaidar da ta fi ƙarfi, domin da ita hukuma ta amince a rubuce cewa kujerar majalisa kadara ce ta mutum ɗaya. Shi ya sa bai kamata a ɗauki labarin Bannow a matsayin abin dariya ba. Majalisar da aka cika da yaran iyayen gida ba ta iya kare ko kanta ba: da aka yi wa masu kujerun tayin kuɗi da sarautu, 'yan majalisar suka kaɗa ƙuri'ar rushe ta, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1801.